Tutar Brannock a Barandar Baba

LORETTA: Halo? Gidan Purdy.

WENDELL: Yaya Loretta, Wendell ne. Ina kwana?

LORETTA: A'a, autan Baba! Lafiya lau. Ina gajiya?

WENDELL: Ba gajiya. Ya gwiwar taki?

LORETTA: Tana nan tana tuna min shekaruna. Ya Charlene da yara?

WENDELL: Duk ƙalau. Kun samu ruwa?

LORETTA: Yayyafi dai, ko ƙura bai kwantar ba. Kai, wannan ƙarar fa?

WENDELL: Ina kan hanya ne, na ɗauko shanu. Ya jikin Baba?

LORETTA: Da sauƙi. Ya sha maganin zuciyarsa, ya ci ƙwai biyu, yana ɗaki.

WENDELL: Madalla. Bai dai kunna rediyo ba ko?

LORETTA: Wendell, tunda aka haife ka ba ka taɓa tambayar gwiwata ba. Faɗi abin da ke bakinka.

WENDELL: An fitar da jadawalin ƙwallon jami'o'i na bana. Kin san rukuninmu ya ɗebo sababbi guda huɗu.

LORETTA: Tarkacen nan? Kar ka ɓata min safiya. Jami'ar Tallow Creek guda, mu da muka ɗauki kofi sau tara, a haɗa mu da su Pelican Shore! Wasa nawa ma suka ci bara?

WENDELL: Ɗaya tak.

LORETTA: Shi ma makarantar likitocin haƙori suka samu suka doke. Tir!

WENDELL: Na ga hoton filinsu. Wallahi wurin ajiye motocinmu ya fi shi girma, kuma a hakan ma ba ya cika.

LORETTA: Ga tafiyar awa biyar a jirgin sama. A kwashi yara daga aji a kai su bakin teku su yi wasa a gaban mutum hamsin, wa zai kalla?

WENDELL: Wai garinsu babba ne, masu talabijin na so.

LORETTA: Masu talabijin su je su buga da su mana! To duk wannan na sani tun bazara. Sai me?

WENDELL: Asabar ɗin bayan bikin Godiya na Nuwamba, ba za mu... da Bra...

LORETTA: Halo? Kana yankewa. Wendell!

WENDELL: Na shiga kwari ne. Kina ji na? Na ce ba za mu buga da Jami'ar Brannock ba bana. Pelican Shore aka sa mana a ranar.

LORETTA: Ƙarya kake!

WENDELL: Ina ma ƙarya ce.

LORETTA: Shekara casa'in da ɗaya ana wasan nan! Ko lokacin yaƙi ba a fasa ba. Gari da gari, tafiyar minti arba'in!

WENDELL: Yanzu mu goma sha shida ne, sai an yi ta zagayawa. Sun ce sai nan da shekara shida za mu sake haɗuwa.

LORETTA: Shekara shi... Wayyo Allah, tutar!

WENDELL: Abin da ya sa na kira ke nan.

LORETTA: Ka dai san sharaɗin Baba da Kawu Merle, masoyin Brannock. Wanda aka ci jami'arsa ya rataya tutar ɗayan a barandarsa, ba saukewa sai ranar da aka rama.

WENDELL: Ni za ki faɗa wa? Na sha hawa tsani a kanta.

LORETTA: Shekara uku ke nan koren ƙyallen Brannock na kaɗawa a ƙofar gidanmu. Mai kawo wasiƙa ma sai ya sara mata don tsokana. Kuma bana ne muke da yara masu ƙarfi! Kullum da safe Baba sai ya leƙa ya ce mata, "Saura wata uku, 'yar banza."

WENDELL: Da Kawu Merle na da rai, da sai ya yafe masa.

LORETTA: Ai shi ne. Ya tafi tun Afrilu ya bar mu da ita. Baba shekararsa tamanin da huɗu fa, Wendell. Ka kuma ji abin da likita ya ce. Ni tsoro nake ji.

WENDELL: To ki sauke ta kawai, ki ce iska ce.

LORETTA: Iska? Bara da guguwa ta yi gaba da ita, da sandarsa ya bi ta har gonar maƙwabtanmu su Hollis ya ɗauko.

WENDELL: To mu ce masa dokar ta canja. Tunda Pelican Shore ce a madadin Brannock, in muka ci su an rama ke nan.

BABA: Ba a rama ba.

LORETTA: Baba! Tun yaushe ka ɗauki wayar ɗaki?

BABA: Tun daga ƙwai biyu. Uku na ci.

WENDELL: Baba, ina kwana? Ai dama muna shirin...

BABA: Na ji shirin naku. In doke waɗanda masu cire haƙori kaɗai suka iya ci in ce na rama? Ka raina ni, ka raina Merle. Mutumin nan shekara bakwai a jere ya rataya jar tutarmu, maƙwabta na yi masa dariya, bai taɓa cewa iska ba.

LORETTA: Baba, shekara shida fa suka ce.

BABA: Na ji, ba kurma ba ne ni. Wendell, akwai shagon 'yan Brannock a hanyarka?

WENDELL: Akwai ɗaya bayan gada. Me zan yi a can?

BABA: Ka sayo sabuwa, mai kauri. Wannan ta koɗe, gefenta ya fara yagewa, ba za ta kai shekara shida ba.

WENDELL: Haba Baba...

BABA: Ita na ce ba za ta kai ba. Ni zan kai. Loretta, ajiye wayar nan ki zo ki nemo min kalanda.

LORETTA: Baba, tsaya mana... Baba? Wendell, ya kashe.