Ranar da Anka Nemi Lambar Zuciyata

Mai girma shugaban taro, Malam Nu'umanu. Malamanmu masu daraja. Hakimai da masu unguwanni. Ma'aikatan lafiya da sunka shirya wanga taro na wayar da kai. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa. Manoman Kebbe da na Dogon Daji da sunka sha gargadar hanya bisa babur. Jama'ar Tambuwal masu masauki: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Arzika, manomi daga Fakku. Godiya nika yi da anka ba ni lasifika, ko da yake na san ba don ilimina anka kira ni ba. Don wautata anka kira ni, kuma na taho da ita cikakka.

Na farko. Bara zuciyata ta fara yi mani wasa, ta buga, ta tsaya, kamar injin ban-ruwan da mai ya ƙare wa. Anka kai ni asibiti Sakkwato, anka tsaga nan ƙasan kafaɗa, anka sa mani 'yar na'ura mai batir da ke tsare bugun zuciya. Likita Kamila, wadda ta yi aikin, ta haɗa na'urar da wayata, don labarin zuciyata shi riƙa isa gare ta ina gona tana ofis. Ta ba ni kati mai lambobi, tac ce, "Baba, wannan sirri ne. Masu kutse kan iya bi ta waya su taɓa irin wagga na'ura. Ba abu ne mai sauƙi ba, amma kada ka sauƙaƙa musu." Nic ce to. A raina kuwa cewa nika yi, ɓarawo akuya yake nema, me zai yi da zuciyar tsoho?

Na biyu, dubiya. Kun san halinmu, ɗan dubiya ba ya tashi sai ya ga abin da ya kawo shi. Wani shi shafa wurin, wani shi kasa kunne a ƙirjina, wani har tambaya yay yi ko na'urar tana kama rediyo. Da na gaji da buɗe riga, sai na koma miƙa katin, ana zagayawa da shi hannu zuwa hannu kamar goron suna. Ƙanena Ɗangiwa, Allah shi saka mishi bisa kyakkyawar niyya, ya ɗauki hoton katin gaba da baya, ya sa a zauren 'yan garinmu na waya, ya rubuta, "A taya Yaya da addu'a." Mutum ɗari fuɗu sunka ce amin, kuma kowa ya tura gaba don neman lada.

Na uku. Ran wata Talata da hantsi ina bakin rumbu, waya ta yi ƙara. Wani mai murya mai ladabi yac ce, "Alhaji Arzika, daga asibiti ne. Za mu gyara ma na'urarka daga nan, ba sai ka sha hanya ba." Ya karanto lambar katina kaf, ko tuntuɓe babu. Yac ce wata lamba za ta shigo yanzu, in karanta mishi. Ba sai na sha hanya ba! Wanda ya san hanyar Fakku da damina ya san abin da ya sa na fara sa mishi albarka. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, sai na kira mai ɗakina ta karanta. Ta karɓa, ta duba, ta kashe wayar, ta ɗaure ta a haɓar zane.

Nic ce, "Ke! Likita kika kashe wa waya?"

Tac ce, "Alhaji, likitarka mace ce. Kuma ta faɗi ba za su taɓa neman lamba ta waya ba. Lokacin kai kana kallon gadon asibiti da ke tashi da kansa, ni ina saurare."

Jama'a, na yi faɗa. A gaban maƙwabta nic ce ta kunyata ni, nic ce ba ta san darajar manya ba. Kwana biyu ban ci tuwonta ba. Ran Alhamis na hau mota har Sakkwato don in ba likita haƙuri. Likita Kamila tac ce, "Baba, babu wanda ya kira ka daga nan. Da an ba shi lambar, an buɗe mishi ƙofa zuwa ga na'urarka. Abin da zai yi da ita ban sani ba, kuma ba na son a gwada da kai." Ta canza lambobin duka. Wallahi na ji tsoro, tsoron da ban ji ba ranar da anka tsaga ni.

Don haka nika roƙonku: ku zo dubiya, ku zo da addu'a, amma ku bar kati a aljihun mai shi. Kada ku bar wayar majiyyaci a buɗe wurin mai caji. Wanda ya kira ya nemi lamba, komai ladabinsa, ku kashe, ku kira lambar da ke takardar asibiti.

Saura magana guda. A gaban mutane na ci mutuncin mai ɗakina, a gaban mutane zan biya. Shekara talatin da fuɗu da aurenmu ban ambaci sunanta a taro ba, yau zan ambata. Raihanatu, ki yafe mani.

Allah shi ba majiyyatanmu lafiya, shi tsare mu daga masu kutse, shi maida kowa gida lafiya. Ɗangiwa, Allah shi rage ma zumuɗi. Kuma Allah shi ba kowannenku mai kashe mishi waya a kan lokaci.

Na gode.