Likkafanin Da Ya Kai Ni Ɗa'ifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku da sunan Allah, mai tashin wanda ya fid da rai. Ni ne Garba Bakano, mai tallar ruwa a unguwar Utaibiyya, nan Makka. Ban iya dogon zance ba, abin da Allah ya yi mini kawai zan faɗa.

Kun san ni da garwa biyu a kafaɗa. Bara tari ya kama ni, ƙirjina na kuka kamar tsohon ƙyaure. Na sha sassaƙe, na sha allura, duk a banza. Wani likita ya ce zafin Makka ne ke cina, in hau Ɗa'ifa, garin da ke kan dutse, in sha iska. To, da wace iƙama, ni da ba ni da takardar izinin zama? Mota sai an tsayar da ita an duba takardu.

Sai abokaina, Mamman Bazazzagi tela da Sule Dogo ɗan dako, suka ce mu bi tsohuwar hanyar raƙuma ta dutsen Kara. Mamman ya ce, "Mu da muka tako daga gida har Sudan a ƙafa, dutse ne zai ba mu tsoro?"

Ni dai ban sa rai zan kai ba. Na ɗauko likkafanina, wanda na wanke da zamzam tun shekarar da na sauka, na cusa a ƙasan buhu. Ko mai ɗakina ban gaya wa ba.

Ranar farko wasa ce, fili ne, ana ta raha. Da muka kama dutsen muka gane tafiyar rairayi daban, ta dutse daban. Hanya kamar tsani, gefe kuma rami, ka jefa tsakuwa ba ka jin saukarta. Birai suka sace mana gurasa, Mamman ya bi su da takalmi yana zaginsu da Larabci, wai ba sa jin Hausa. Na yi dariya, dariya ta zama tari, tari ya kayar da ni.

Kashegari da hantsi ƙafa ta ƙi. Na zube a gindin wani dutse, numfashi kamar ana janyo shi ta kafar allura. Na ce, "Ku buɗe buhuna, akwai likkafani. In na cika ku rufe ni a nan, ku wuce."

Sule ya juya baya yana share ido. Mamman kuwa ya warware yadin, ya ja shi da hannu biyu irin na tela, ya ce, "Bakano da son banza! Ko mutuwa sai da yadi mai kyau. Wannan ai jaki ma zai ɗauka."

Na ce, "Kada ka taɓa mini shi, Bazazzagi!"

Ya ce, "In ka mutu ka kai ƙara."

A nan na ɗaga hannu. Ban san doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Allah, kai ka kawo ni ƙasar nan. In kwanana ya ƙare, na yarda. In da saura, ba ni numfashi." Suka shafa.

Sai suka ɗaure yadin a sandunan da muke dogarawa. Inda hanya ta yi faɗi su ɗauke ni a ciki kamar gawa. Inda ta tsuke su ɗaura mini shi a ƙugu su ja ni kamar ragon layya, Mamman na ihu, "Yalla, mamaci, taka!" Da sanyin sama ya sauko, mu da ko bargo ba mu riƙo ba, shi muka lulluɓa mu uku.

Allahu Akbar! Da muka ɓullo saman dutsen, gajimare na ƙasa da mu, na ja iska ta tafi har ciki ba ta tsaya ba. Na sake ja. Na fashe da kuka, ni ƙaton banza!

Wani mai lambun inabi ya ba mu aiki, muka ƙare zafi a can. Tari ya tafi. Ga ni na dawo, garwa ta koma kafaɗa.

Likkafanin kuwa ya yage, ya yi baƙi ƙirin. Mamman ya wanke shi ya ɗinka mini wando, ga shi nan a jikina. Ya ce ba ni da izinin mutuwa sai na sayi wani. Har yau ban saya ba.

Alhamdu lillahi. Wanda ciwo ya kwantar a cikinku, kada ya yanke wa kansa kwana. Ka riƙe Allah, ka riƙe abokan kirki, ko da Zagezagi ne. Wassalam.