Kayan da Muka Bayar, Muka Hana a Taɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugaban makaranta da mataimakansa. Mai girma wakilin hukumar ilimi, wanda aka ce mana yana hanya, Allah ya kawo shi lafiya. Malamai maza da mata. Dattawan ƙungiyarmu ta masu sana'ar hannu, kafintoci da teloli, makanikai da magina, da 'yan'uwana masu walda. Iyayen yara waɗanda suka rufe rumfunansu suka zo. Ɗalibai da ke leƙowa ta taga. Da sauran jama'a, kowa da girmansa, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya tara mu. Ina gode wa hukumar makaranta da ta ba mu wannan zaure. Ina gode wa waɗanda suka amsa gayyata, kujerun da na gani babu kowa a kansu kuwa, masu su na da uzurinsu, Allah ya san shi.

Wanda bai san ni ba, ni ne mataimakin shugaban ƙungiya, kuma shugaban sashen masu walda. Ƙofar ƙarfen da kuka shigo ta cikinta aikin hannuna ce, har yau kuma ba ta taɓa yin ƙara ba. Wannan takarda da ke hannuna ma ni na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Sai da gemuna ya yi fari sannan na shiga ajin manya na yamma a wannan makaranta, don haka idan kuka ji na tsaya a kan wata kalma, ku yi mini haƙuri, ni da ita ba mu daɗe da sanin juna ba.

Jama'a, ban zo da labarin farin ciki ba. Malamar kimiyya, wadda ke riƙe da ɗakin da yara ke koyon kimiyya da zane bayan an tashi daga makaranta, ta nemi a canza mata makaranta. Shugaban makaranta ya roƙe ta ta dakata har a yi wannan taro, ta kuma dakata. Ga ta can zaune a layin baya. Idan ta tafi, ɗakin zai rufe, domin babu malamin da ya yarda ya karɓi makullinsa. Wannan shi ne abin da ya tara mu, zan kuma bi shi daki-daki.

Na farko, abin da muka bayar.

Kowa ya san halin da makarantar gwamnati take ciki. Aji ya cika ya batse, malami ɗaya, allo ɗaya, alli guntu. Yaro zai ji sunan abu, ya haddace sunan abu, ya rubuta sunan abu a jarrabawa, ya fita duniya bai taɓa ganin abun ba. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi, ana tashi su wuce ɗakin gwaje-gwaje, su wuce ɗakin zane. Namu kuwa ana tashi sai titi. Ganin haka ne ƙungiyarmu ta ce ba za ta zura ido ba. Magina suka gyara ɗakin da ke kusa da famfo. Kafintoci suka yi tebura da kabad mai ƙofar gilashi. Ni na yi tagogi. Aka yi karo-karo, mai yawa da mai kaɗan, aka sayo madubin nan da ke nuna ƙananan halittun da ido ba ya gani, da ƙwallon duniya mai juyawa, da kwalaben gwaji, da wayoyi da batura da ƙananan ƙwayayen fitila, da fenti da buroshi, da ƙwarangwal ɗin roba mai tsayin mutum. Sadaka ce aka yi ta don Allah, babu wanda ya tilasta wa wani. Ranar da aka buɗe ɗakin an yi tafi har hannuwa suka yi ja. Ban raina wannan ba, kada kuma wani ya raina.

Na biyu, abin da muka ɗaura wa kyautar.

A wurin sana'armu muna da tsari, shi ya raine mu duka. Yaron da aka kawo koyon aiki ba ya taɓa kayan aiki. Shara zai yi, ɗauko zai yi, miƙo zai yi, ya tsaya a bayan maigida yana kallo har idonsa ya ƙoshi. Ido tukuna, sannan hannu. Wanda kuma ya karya abu shi zai biya, a kuma yi masa faɗa a gaban sauran don su ji tsoro. Ban zo in zagi wannan tsari ba. A gareji yana da dalili, domin injin walda ba ya tambayar shekarun mai riƙe da shi.

To amma sai kwamitin da aka naɗa a wancan lokaci ya ɗauko wannan tsari ɗungurungum ya kawo makaranta. A lokacin ban shiga sahun shugabanni ba, ba a kuma nemi ra'ayina ba, wanda ina ganin asara ce. Aka ɗaga hannu aka zartar cewa yara su yi kallo, malama ta riƙa nunawa. Abin da ya lalace yana wuyanta. Kuma ƙarshen kowane zango dattawa za su zo duba kaya. Suna zuwa kuwa. Na ga zuwansu. Su buɗe kabad, su ɗaga abu su kai shi hasken taga, su shafa da yatsa suna neman ƙarzuwa. Idan suka tarar da komai fes cikin ledarsa sai su ce madalla, an riƙe amana. Ba a taɓa kiran yaro ɗaya an tambaye shi me ya koya ba. Kaya ake gaisarwa, ba yara ba.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Malama da farko ba ta bi dokar sau da ƙafa ba. Takan bar yara su sa ido a madubi, su haɗa waya da batir su ga fitila ta kama. A wancan lokaci ɗakin ba ya ɗaukar masu zuwa, har a bakin ƙofa ake tsayuwa. Rannan wata yarinya tana wanke kwalbar gwaji, ta suɓuce mata ta fashe. Kwalba ce, jama'a, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba. Da dattawa suka zo duba kaya suka ga gurbinta, sai Baba Kafinta, shugaban kwamiti, wanda nake girmamawa kamar uba, ya sa aka tara yaran, ya tsayar da malama a gabansu, ya yi mata irin faɗan da yake yi wa yaran shagonsa. Ya ce mata kayan mutane ba na gadonta ba ne. Ta biya kwalba, ta kulle kabad, daga ranar ba ta sake buɗe shi ba sai ranar shara.

Yanzu ku je ku ga ɗakin. Fenti ya bushe a cikin gwangwaninsa ba a taɓa tsoma buroshi ba. Batura sun zubar da ruwa a cikin kwalinsu. Ƙwallon duniya ya tsaya cik da fuska ɗaya, rana ta kore launin wannan gefe, ɗaya gefen kuwa babu yaron da ya san abin da ke cikinsa. Yaran da suka rage sukan zauna su dubi kabad ta gilashi kamar masu kallon kanti ba ko sisi a aljihu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, mu ne rijiyar, mu ne kuma gugan.

Ina da jikanya a ajin ƙarshe. Tun da na shiga makaranta ba ta kirana da komai sai ɗan aji ɗaya, idan ta ga ina rubutu takan ce in miƙe baƙaƙena kada su faɗi su ji ciwo. Rannan na ce bari in rama. Na ce, to ke babbar ɗaliba, me kika gani a cikin madubin da muka saya muku? Na zaci za ta kawo mini wata kalma mai nauyi ta ƙure ni. Sai ta ce: "Kaka, akwatinsa baƙi ne, yana da maɗauri biyu." Iyakar abin da ta sani ke nan. Wasan da ban ƙarasa ba ke nan, abincin da ke gabana ma sai na ture shi. Wannan zango shi ne nata na ƙarshe, ita da sa'o'inta. Yaron shago yana da shekaru a gabansa, ya yi kallo bana ya taɓa baɗi. Ɗan makaranta ba shi da baɗi a wannan ɗaki. Ana buga ƙararrawa ya wuce, wanda ya wuce kuwa ba ya dawowa.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da wannan malama. Ita ce ke koyar da mu a ajin manya. Ranar da na fara zuwa, ba ta ce in tsaya a bayanta in yi kallo ba. Fensir ta sa mini a hannu. Hannun da ya saba da guduma, ina dannawa bakin fensir ya karye. Ta fere, ya karye. Ta sake ferewa, na huda takardar. Kunya ta kama ni, na ce zan biya. Ta yi dariya ta ce fensirin da bai gajarce ba bai koyar da kowa ba. Da ta bi da ni da dokar da aka bi da ita, da yau wani ne ke karanta muku wannan jawabi, kuma da ba zai kai haka tsari ba.

Kafin wannan taro na je wurinta na tambaye ta me zai sa ta zauna. Ba ta nemi ƙarin albashi ba, ba ta nemi a mayar mata da kuɗin kwalba ba. Ta ce a gaban jama'a aka ɗaure mata hannu, a gaban jama'a take so a kwance, a kuma faɗa da baki cewa yaro ya taɓa, idan ya fasa an yafe. Daga nan na wuce shagon Baba Kafinta. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Yana goge katako, bai ɗago ba. Da na gama ya ce: "Kai da ka koyi biro jiya, yau kai za ka koya mini riƙon kaya? Abin da ba a tsare ba, ba ya kwana." Na ce, Baba, ya kwana, ya kuma mutu a kwance. Ya ci gaba da goge katakonsa. Na gode masa da ya zo yau duk da haka, ga shi a layin gaba. Baba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka ga roƙona. Ina roƙon masu bayarwa, na cikin ƙungiya da na waje, su daina auna sadaka da kyan da ta yi a kabad. Sadakar makaranta abar ƙarewa ce. Fenti ya ƙare, batir ya mutu a bakin aiki, kwalba ta fashe, a sayo wata. Wanda ya ba da ruwa ba ya dawowa ya tambayi inda ruwansa yake. Ina roƙon duba kaya ya koma duba yara. Sama da duka, ina roƙon a soke dokar nan yau, a wannan zaure, kafin malama ta tashi daga kujerarta.

Mai girma shugaban taro, da ɗaga hannu aka kafa ta, da ɗaga hannu kuma tsarinmu ya ce a rushe ta, sai fiye da rabin 'yan ƙungiya sun yarda. Da izininka, ga nawa na ɗaga. Duk ɗan ƙungiyar da ya yarda yara su taɓa abin da aka saya dominsu, ya ɗaga nasa. Kada ku dubi na kusa da ku. Kada ku dubi layin gaba.

Ina ganin telolinmu, Allah ya saka. Ina ganin wasu daga masu walda. Iyaye mata, na ga hannuwanku, na gode, sai dai tsari bai ba ku ƙuri'a ba.

Zan ƙara jira kaɗan.

To. Shugaban taro ya girgiza mini kai. Ba mu kai ba. Waɗanda ba su zo ba sun fi mu yawa, waɗanda suka zo kuma nauyin dattawa ya riƙe musu hannu.

Malama, kin gani da idonki, ba zan ƙara miki ba, ba zan rage miki ba. Abin da ya rage a ikona kaɗan ne, ga shi. Daga yau duk abin da ya fashe a wannan ɗaki a kawo mini, ni zan biya, idan kuma akwai faɗa a tara yaran shagona a yi mini a gabansu. Na san ba shi kika nema ba. Kin nemi bakin ƙungiya, kin sami bakin mutum ɗaya. Idan kika tafi, babu mai ganin laifinki a cikin masu hankali. Idan kuma za ki iya buɗe kabad ɗin ko da na kwanakin da suka rage wa 'yan ajin ƙarshe ne, to ki buɗe, nauyin yana kaina.

Allah ya saka wa duk wanda ya ba da ko da ƙusa ɗaya a wannan ɗaki. Allah ya sassauta zukatan manyanmu, ya ba ƙananammu haƙuri da mu. Allah ya ba malamanmu ladan da mu muka kasa ba su. Allah kada ya kama mu da hakkin yaran da suka zauna suna kallo ta gilashi har lokacinsu ya ƙare. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, wanda ya ɗaga hannu da wanda bai ɗaga ba.

Iyakar abin da na rubuta ke nan, da abin da ban rubuta ba. Na gode.