Ƙahwar Inna Hajo

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku amsa da ƙarhi don Allah. Ni da na saba tsayi bakin tasha ina zuba, yau ga ni gabanku baki ya bushe.

Kun san ni. Iliya ne, wanda 'yan waƙa suke ce ma Direkta. Mama Saratu, na gan ki kina dariya tun ban hwara ba. Yi abinki, yau ranarki ce.

Wasu sun tsaya nan sun ce Ubangiji ya raba su da giya, wasu da ciwo. Ni da ƙarya yar raba ni. Kuma irin ƙaryar da har yanzu in na zauna tunaninta kaina juyawa shike, don da ladabi nih hwara ta.

Lakkwal, wato makarantar boko, sankiyam nit tsaya, aji na biyu na kwaleji. Mushe, malaminmu, yac ce ma babana kaina na da kyau, amma bakina ya hi kan gudu. Niy yi kabu-kabu da moto, wato babur, nan Madawa shekara ukku. Nan nil lura da wani abu. Duk dattijon da niɗ ɗauko daga ƙauye, in wayarshi ta yi kuka, ɗanshi ne da ke Abijan ko Libiya wurin biɗa. Tambaya guda ce: "An ruhe ɗakin? Gona ta yi? Ragon na nan?" Amsa ma guda ce: "Lahiya lau." Ko ɗakin ya hwaɗi, ko an canye ragon tun salla, lahiya lau.

Sai nic ce, Iliya, ga sana'a kwance ƙasa ba mai ɗauka!

Niy yi bokal, wato saƙon murya, nis sa cikin gurup ɗin waya na 'yan Adar da ke waje. Nic ce: "Ni ne idonka na gida. Kana Abijan, idonka na Bangi. Ka aiko ni, in hau moto in tahi gidanku, in ɗauko maka bidiyon gonarka, gininka, tsohuwarka. Abin da nig gani shi za ka gani." Nis sa hotona da rigar aro, nir rubuta Direkta Janar a ƙasa. Ma'aikaci guda, ni. Biro, wato ohis, bayan moto.

Mako biyu shiru. Mutum guda yak kira, shi ma tambaya yay yi ko ina saida tantabaru. Ban san ƙaƙa ake yanka kuɗɗin irin wanga aiki ba, ban san wa zan tambaya ba, don duk Madawa ba wanda yat taɓa yin shi. Abokaina na hwada sunka ce, "Direkta, ƙaƙa kampani? An ɗauki sakatariya?"

Sannan Yaya Haruna yak kira. Mutumen wani ƙauye ne bayan Karofane, shekara shidda shina Abijan bai zo gida ba. Yac ce, "Yaro, ba gona nike so ba, ba gini ba. Innata. Duk Talata ka tahi ka ɗauko min ita in gan ta da idona. Duk wanda nit tambaya sai shi ce lahiya lau. Na gaji da lahiya lau."

Nic ce, "Patoro, maigida, an gama."

Randa nih hwara zuwa, nit tarar da tsohuwa na sussuka. Inna Hajo kenan. Tad dube ni tun daga takalmi har kai, tac ce, "Wanga ne idon? Haruna ya rasa wanda zai aiko sai mai kunnuwa awa marhin tukunya?"

Nic ce, "Inna, da su nike kama rezon waya."

Tay yi dariya har tad dahe turmi. Tun daga ranar ango take ce min. "Angona ɗan pasto ya zo, a kawo mishi hura." Ta san ni Kirista ne, ba ta taɓa ɓata min rai kan hakanan ba, sai dai ta ce in mun yi aure ita ba ta iya waƙar Lahadi. Ta tsaya gaban waya ta gyara kallabi ta yi ma ɗanta hwaɗa kan ya rame. Shi ko can shi kalla shi aiko min bokal na godiya.

Talata ta ukku nit tarar da ita zaune bisa tabarma, ta ɗaure ƙahwar hagu da tsumma. Kututturen kara yas soke ta a gona. Ashe kuma tana da ciwon sukari, ni ban sani ba sai daga baya.

Niɗ ɗaga waya. Tas sa hannu bisa ƙugunta tac ce, "Daga nan zuwa bisa."

Nic ce, "Inna, ai duka anka aiko ni in ɗauka."

Tac ce, "Zamna, ango. Kai yaro ne. Ba a aika ma na nesa mugun labari. Bana ne yaron nan yas samu wurin kasa kayanshi bakin kasuwa, bayan shekara biyat shina yawo da su a ka. In yaj ji, zai watsar shi hau babbar mota shi taho, wani shi zamna wurin. Kan ƙaya? Kwana nawa ne ta warke. Amana nib ba ka."

To 'yan'uwa, ku hwaɗa min, wane ɗan Adar za ya ce ma tsohuwa a'a? Ni ma hakanan anka rene ni. Kakata ta rasu babana na Lome, sai da yad dawo da tsarabar zanenta anka gaya mishi bakin ƙohwa.

Niɗ ɗauka daga ƙugu zuwa bisa.

Kuma in gaya muku abin kunya, na iya! Kai, na iya! In aza mata ƙwarya bisa cinya awa tana tsintar wake. In jawo ɗan akuya kusa don ido shi tahi can. In ba ta dariya sannan in danna. Da akwai jarrabawar burebe ta iya ƙarya, da ni niz zo na ɗaya duk jihar Tawa.

Yaya Haruna yat tambaye ni, "Mi yas sa kullum zaune take?"

Nic ce, "Patoro, sarauniya ce, ka taɓa ganin sarauniya tsaye?"

Yay yi dariya. Kuma yas shiga gurup yac ce ma kowa, "Yaron nan ɗan halas ne, ba shi ƙarya." Sai ga kiliya, masu ba ni aiki, na zuwa. Wanga shi ce tahi Bangi ka dubo min albasa, wancan shi ce tahi Buza ka gano min ko da gaske an sa ƙohwa. Sana'a ta tashi, 'yan'uwa. Bisa mi? Bisa tsumman ƙahwar Inna Hajo.

Na ruɗe. Wallahi, a'a, ku gahwarce ni, bakin tasha ne. Hakika na ruɗe. In na tuna tsohuwa sai in ga daidai nike. In na ji muryar Haruna sai in ga cutar shi nike. Wata Lahadi bayan sujada nij ja Baba Yakuba, dattijonmu da ke zaune can, niy yi mishi bayani ba suna. Yac ce, "Girmama tsohuwa wajibi ne." Nic ce madalla. Yac ce, "Gaskiya ma wajibi ce." Nic ce, "To Baba, wanne zan ɗauka?" Yac ce, "Tahi ka tambayi Mai su." Yaɗ ɗauki sandarshi yab bar ni nan tsaye. Baba, ranar na ji haushinka, yau nike hwaɗa maka.

Ban tambaya ba. Tsoro nike ji kada a ba ni amsa.

Talata ta bakwai, tun daga zaure nij ji wari. Nis shiga. Ƙuda sun ruhe tsumman. Inna na kwance jikinta awa garwashi. Maƙwabciyarta ta shahwa mata wani baƙin magani. Niɗ ɗaga tsumman da kara. Wayyo Yesu! Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, ƙahwa ta kumbura har idon sawu.

Nic ce, "Inna, mu tahi likita, ga moto."

Tac ce, "Su yanke min? Da ƙahwata niz zo duniya, da ita za ni koma. Tada ni zaune. Kawo ƙwaryar."

Kuma na tada ta. Ni, Iliya, ɗan ikkilisiya. Nig goge mata zuhwa, nig gyara mata kallabi, tay yi murmushi tac ce, "Haruna, lahiya lau nike, ka ci abinci." Niɗ ɗauka. Bidiyo yay yi kyau. Duk ya hi na baya kyau.

Nih hau moto. Akwai wata gangara bisa hanyar Karofane inda rezo ke kamawa gindin wani gawo, nan nike aikawa kullum. Rana tsaka. Nit tsaya, nih hiddo waya, yatsana na bisa wurin dannawa. Rigata ko warin ƙahwar take.

Yatsa yaƙ ƙi.

Nid durƙusa cikin duwatsu. Ban iya addu'a irin ta Mama Saratu mai hawa da sauka ba. Cewa niy yi, "Ubangiji, ni ban gane ba. Ka ce a girmama manya, na girmama. Ka ce kada a yi ƙarya, na yi. Duka biyu naka ne, ƙaƙa sunka yi karo bisa kaina? In na hwaɗa, na ci amana. In na yi shiru, ta mutu da murmushi cikin wayata. Sankiyam nit tsaya, Ubangiji, wanga lissahi ya hi ni!"

Nik kuka awa jinjiri. Wani mai amalanke yaw wuce yac ce, "Hanne ne?" shina nuhin moto ta lalace. Nic ce, "Ni ne nil lalace."

Ban ji murya daga sama ba, ba ni ƙara muku gishiri, na bar wannan aiki. Amma ina durƙushe wani abu yaz zauna min cikin zuciya sarai, wanda ban taɓa tunani ba: ciwon nata ne, amma ƙaryar tawa ce. Ba wanda za ya hana ni tuba daga abin da ke nawa. Kuma kada in yi ta bayan idonta.

Nig goge bidiyon. Nij juya moto.

Nit tarar da ita yadda nib bar ta. Nid durƙusa nic ce, "Inna, ki yahe min. Zan kira Yaya Haruna yanzu gabanki in gaya mishi mako biyat ina mishi ƙarya. In yat tambaye ni wace ƙarya, ba ni ƙara wata."

Tac ce, "Ashe kai ɗan banza ne."

Nic ce, "I, Inna. Shi za ni hwaɗa mishi."

Rezo gidan nan sai an hau bisa rumbu ake samu. Ranar, ina tsugune bakin tabarma, kira yas shiga, huskar Haruna tah hito tas! Ku ce Haleluya!

Nig gaya mishi. Yac ce, "Juya wayar." Nid dubi Inna. Tak kau da kai wajen bango tana hawaye, amma ba ta ja zane ta ruhe ba. Nij juya.

Zagin da nis sha ranar, ba shi hwaɗuwa cikin ɗakin Ubangiji. Da yag gama da ni, yac ce, "Inna, in ba ki hau moton nan ba, na rantse gobe in watsar da kayan in taho da ƙahwa." Tac ce, "To ka zamna inda kake, uban 'yan taurin kai." Munka ɗaura ta bayana da zane, maƙwabciya ta riƙe ta ta baya, mu ukku har asibiti.

Lokotoro, babban likita, yac cire yatsu biyu. Yac ce da mun ƙara kwanaki, da ba zancen yatsu ake ba. Ƙahwa ta tsira, Inna ta tsira. Haruna bai bar wurinshi ba, sai da yas samu mai tsare mishi sannan yaz zo.

Kada ku ce komi ya yi daɗi. Haruna ya kore ni. Yas shiga gurup ɗin nan yaj janye shaidar da yab ba ni, kiliya rabi sunka gudu. A ƙauyuka kuma labari ya bazu cewa mai kunnuwan nan tona asiri shike, akwai gidajen da in anka ji motona sai a ce ba kowa. Wani dattijo ya tare ni kasuwar Bangi yac ce ban da tarbiyya. Nij ja motona niw wuce. Har yanzu in anka tambaye ni ko tsohuwa ta yi laihi da tab ɓoye, ban sani ba. So ne yas sa ta. Abin da nis sani, yanzu duk gidan da nis shiga, kahin in hiddo waya sai in ce, "Abin da ba ku so a gani, ku ce kada in ɗauka gaba ɗaya, in gaya ma mai aikena an hana ni. Amma rabi, na bari."

Wata ukku ban taka ƙauyen ba, kunya. Sai makon jiya maƙwabciyar tak kira ni tac ce ana nemana. Nih hau moto nit tahi. Nit tarar da Inna Hajo tsaye bakin turmi, tana dogara sanda.

Tac ce, "Maci amana, ka zo?"

Nic ce, "Na zo, Inna."

Tac ce, "Na sake ka, saki ukku. Amma hurarka na nan. Hiddo abin naka, Haruna na son ganina ina tahiya."

Niɗ ɗaga waya, hannu yat tsaya daidai ƙugunta, don ya saba. Tab buge ni da sanda a ƙwabri tac ce, "Sauko ƙasa, makaho! Takwas sunka rage, ɗauke su duka shi ƙirga."

'Yan'uwa, ku taya ni gode ma Yesu. In akwai wanda ke zaune nan da abin da yar ruɗa shi, gaba ba daɗi baya ba daɗi, kada ka jira sai ka gane sannan ka durƙusa. Ni ban gane komi ba nid durƙusa, kuma ya ji ni. Ku dogara gare shi. Amin.