Rumfar Inabi a Gidan Kalofer

A tashar motar garin Karlovo na zauna kusa da wata mata da 'yarta. Daga hirarsu na ji a bene suke haya, babu tsakar gida, rana ba ta leƙa su. Gefensu wani tsoho na riƙe da almakashin datse rassa.

"Garin Kalofer za ki, 'yata?" tsohon ya tambayi matar.

"E, Baba, gida za mu dubo. Tsohon gini ne mai manyan tagogi da lambu. Sai dai rumfar inabi ta tsaya gaban tagogin. In mun saya, sare ta za mu yi. Haske muke so."

"Da sanyi ganyenta zubewa yake, rana ta shigo har teburin abinci. Da zafi ta yi muku inuwa. Shekarar da aka yi wa gidan rufi aka dasa ta."

"Dillali ne kai?"

"Dillali ya san inabi?"

"To mai gidan fa, yana da sauƙin kai?"

"Zuwa safiyar yau dai yana da shi."

Yarinyar ta dubi almakashin, ta ja hannun uwarta. Ta gane gidan tsohon ne, kuma ba zai sayar wa mai sare rumfar ba.