Fijo a Kan Tubali

A rumfar mai faci da ke bakin tashar Matamaye, Zuhra na goye da ɗanta, tana auna tsofaffin tayoyi da igiya. Wani dattijo mai jiran motar Damagaram ya kasa haƙuri.

"'Yata, me kike aunawa haka?"

"Tayar motar Fijo kat-san-kat, wato 404, nake nema, Baba. Maigidana ya gaje ta, yana gyaranta a tsakar gida."

Dattijon ya gyara zama. "Ikon Allah, har yanzu akwai su? Injinta na asali ne?"

"Oho. Ya dai cire ruɓaɓɓun tayoyin ya zubar, ya ɗora ta kan tubalin ƙasa, ya tafi cin rani Kano."

"To ki jira shi mana. Irin wannan mota ba a sa mata kowace taya."

"Baba, hadari ya fara haɗuwa, tubali kuwa ba ya jure ruwa. Wannan kuma," ta taɓa goyonta, "tunda ya fara rarrafe, ƙarƙashin motar yake shiga neman inuwa."

Dattijon ya dubi gabas, ya dubi yaron, ya karɓi igiyar.

"Damagaram sai gobe. Kai mai faci, kawo huɗu, ko waɗanne iri ne!"