Wakilin Hura Bututu

A tashar Gaya, ana jiran motar Kano ta cika, wani dattijo mai suna Gwadabe ya sa yatsa ya ɗaga fatar idonsa ɗaya da ta saki, ya ƙura wa algaitar da ke cinyar wani fasinja mai suna Kashim ido.

"Malam, busa kake yi?"

"Shekara ashirin ke nan, Baba."

"Alhamdu lillahi! Raka ni asibiti."

"In yi wa majinyata busa?"

"A'a. Likita ya ce jikina ne ke faɗa da kansa, har naman ƙirjina ya saki. Duk wata sai in hura wani bututu, wani tsinke kamar na agogo ya motsa. In bai yi nisa ba, gado za su ba ni. Ga gyaɗata a Toranke ta isa cira!"

"To, ni ina nawa a ciki?"

"Ka sa hulata, ka kanne ido ɗaya, ka hura mini."

Kashim ya tuntsire da dariya.

"Baba, in na hura, sai a Wudil za a tsinci tsinken nan! Su ce ka warke, su hana ka magani."

"To, ka hura kaɗan-kaɗan. Ai ko aure... da wakili... ake ɗaura shi."

Kashim ya lura sau biyu tsohon ya tsaya jan numfashi a 'yar maganar nan. Dariyarsa ta ɗauke.

"In numfashin ya ƙwace maka a tsakiyar gona fa, wane wakilin zai shaƙa maka?"

Gwadabe ya saki fatar idon ta rufe. Ya jima yana haki.

"Shi ke nan, ni zan hura abina. Amma in sun ba ni gadon, ka iya cirar gyaɗa?"